Tsabtace gida da toka, kanwa, lemun tsami da sauran kayan kicin: tambayoyi da amsoshi

Tsadar omo da sabulun wanke-wanke ta sa gidaje da yawa sun waiwayi abin da iyaye da kakanni suka daɗe suna amfani da shi. Ga kuma bidiyoyi a waya, kowa da haɗin da yake koyarwa, wani na aiki, wani ɓarnar kaya ne kawai, wani ma yana iya kai mutum asibiti. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi maimaitawa. An sa musu lamba ne saboda wata amsar tana jingina da wata.

1. Waɗanne abubuwa ne na cikin gida ake iya wanki da goge-goge da su?

Dangi biyu ne manya. Akwai dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, ruwan khal (wato vinegar). Aikinsu narkar da farin dattin da ruwa ke bari a jikin famfo da buta, da tsatsa, da dusashewar tagulla. Akwai kuma dangin kanwa: toka, kanwa, bekin soda da sabulun salo. Su kuma maganin maiƙo ne, da ƙauri, da baƙin hayaƙi. Duk wanda ya riƙe wannan rabon ya gama rabin aiki, domin kafin ya ɗauki komai zai fara tambayar kansa ko dattin nan na mai ne ko na ruwa.

Bayan su akwai masu taimakawa. Gishiri da yashi mai laushi da soso suna kankara, gawayi yana shanye wari, rana kuma tana busarwa tana cin wasu tabo. Gishiri shi kaɗai ba ya narkar da maiƙo, kankararsa ce ake buƙata.

2. Da gaske toka tana wanke maiƙo, ko dai rashin sabulu ne ya sa ake amfani da ita?

Tana wankewa sosai. Tokar itace tana ɗauke da sinadarin fotash, wanda idan ya jiƙe ya haɗu da mai sai ya mayar da wani ɓangare na man ya zama sabulu nan take a jikin kwanon. Shi ya sa za ki ji santsi a hannu idan kina cuɗa tukunyar miya da toka. Sabulun salo ma daga nan ya samo asali, ruwan toka ne ake dafawa da mai. Masu rini a marinar Ƙofar Mata a Kano har yau da toka suke haɗa ruwan baba.

Yadda ake yi: a bar tokar ta huce sarai, a tankaɗe ta da rariya domin a raba ta da ƙusa da tsakuwa da guntun gawayi. A fara share ragowar miya, a ɗan jiƙa soso, a dangwali tokar a cuɗa. Idan maiƙon ya yi kauri, a dama toka da ruwan ɗumi a shafe kwanon, a bar shi kamar minti goma kafin a goge. Sai ɗauraya sau biyu, don toka tana maƙalewa a bakin kwano da gindin hannun tukunya.

Ba kowace toka ce ta dace da kwanon abinci ba. Wadda aka hura wutarta da leda ko roba, ko aka ƙona katako mai fenti, ko tokar bola, a bar ta. Tokar icen girki da ta kara da ta gawayi su ne na aiki. Kuma tana busar da fata, mai kaushi ko tsagewar hannu a lokacin hunturu ta sa safar hannu, ko ta shafa man kaɗe da zarar ta gama.

3. Kanwa da bekin soda abu ɗaya ne? Bekin fauda fa?

'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba ne. Kanwa haƙo ta ake yi a wuraren da ruwa ya ƙafe, irin yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga a Nijar, kuma a cikinta akwai sinadarin da ke cikin bekin soda tare da wani da ya fi shi ƙarfi, ga gishiri da ƙasa. Saboda haka ta fi bekin soda kaifi a kan maiƙo, ta kuma fi cin hannu. A jiƙa ɗan gutsure a ruwan zafi, a bar ƙasar ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman a yi aiki da shi. Yana da kyau wajen jiƙa tsummokaran kicin da raga da murfin risho da suka yi danƙo.

Bekin soda ya fi sauƙi, shi ya fi dacewa da firji da roba da duk abin da ake tsoron karcewa. Bekin fauda kuwa an riga an haɗa shi da sinadari mai tsami da sitaci domin ya kumbura fulawa, don haka a bar shi wa cincin da kek.

4. Tukunyata ta yi baƙi ciki da waje. Me zan yi mata?

Baƙin waje da na ciki ba su da magani ɗaya. Na waje hayaƙi ne da mai, toka da ɗan yashi mai laushi sun ishe shi. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ta rigakafi: kafin a ɗora tukunya a murhu, a shafe gindinta da damammiyar toka ko sabulu. Hayaƙin zai kama abin da aka shafa, idan an zo wanki ya fita tare da shi.

Baƙin ciki, idan tukunyar alminiyam ce, yawanci kanwa ce ta jawo shi. Duk wadda ke dafa wake ko miyar kuka da kanwa ta san yadda cikin tukunya ke yin duhu, ta kuma san yadda yake washewa ranar da aka dafa zoɓo ko yakuwa a ciki. To wannan shi ne maganin. A zuba ruwa ya rufe wurin, a jefa curin tsamiya ko ɓawon lemun tsami, a tafasa na minti goma zuwa sha biyar, a wanke. Kada a jiƙa alminiyam cikin ruwan kanwa ko na toka ya kwana, yana cin ƙarfen.

Idan ƙanzo ne ya kama, a zuba ruwa da cokali biyu na bekin soda a tafasa, a bari ya huce, sai a kankare da muciya ko cokalin katako. Tukwanen da aka shafe cikinsu da baƙin abin hana kamu kuwa ba sa son toka, ba sa son yashi, ba sa son soson ƙarfe. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi kawai.

5. Na ga ana haɗa ruwan khal da bekin soda yana ta kumfa. Wannan ne haɗin da ya fi ƙarfi?

A'a, kumfar ce ke ruɗin ido. Kamar yadda aka faɗa a amsa ta 1, ɗaya dangin tsami ne, ɗaya dangin kanwa, kuma idan suka haɗu kashe juna suke yi. Kumfar iska ce ke fita, abin da ya rage bayan ta lafa kusan ruwa ne da wani irin gishiri. Wanda ya haɗa su a kwalba ya ajiye ya yi asarar duka biyun, in ya toshe kwalbar ma tana iya fashewa.

Idan ana son amfani da duka biyun, a bi da su ɗaya bayan ɗaya: a goge maiƙo da bekin soda, a ɗauraye, sannan a bi da khal. Haka ma lemun tsami da toka, ko tsamiya da kanwa.

6. Famfo da shawa da butar dafa ruwa duk sun yi fari-fari kamar alli. Daga ina yake zuwa?

Daga ruwan ne. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, idan ya bushe ko ya tafasa sai ya bar shi a jikin ƙarfe. Sabulu ba ya taɓa shi, toka ma haka. Tsami ne kaɗai ke narkar da shi.

Ga buta, a haɗa khal da ruwa daidai wa daida, a tafasa, a bar shi awa guda, a zubar, a sake tafasa ruwa zalla a zubar kafin a dafa na sha. Khal ɗin girki yawanci kashi 5 cikin 100 ne ƙarfinsa, kuma ya wadatar. Ga famfo, a jiƙa tsumma da khal a naɗe shi na rabin awa. Kan shawa kuma a zuba khal a leda, a cusa kan a ciki a ɗaure da kyauro, bayan awa ɗaya ko biyu a kwance a goge ƙofofin da tsohon buroshi. Idan lemun tsami ya yi tsada, kamar yadda yake yi in ba lokacinsa ba, ruwan tsamiya da aka tace yana yi, sai dai yana son ɗauraya mai kyau saboda danƙonsa na kiran tururuwa.

7. Zan iya goge tayil da daɓen ɗaki da lemun tsami ko khal?

Ya danganta da irin daɓen. Tayil mai ƙyalli ba ya jin tsami, amma simintin da ke tsakaninsa yana ji, yau da gobe sai ya zaizaye. Don haka a yi amfani da shi a inda farin dattin ruwa ya kama kawai, a ɗauraye da wuri. Mabul da tarazo kuwa kada tsami ya kusance su ko kaɗan. Dutsensu dangin wannan farin dattin ne da aka yi bayani a amsa ta 6, abin da ke narkar da shi zai ci fuskarsu, ya bar tabo marar ƙyalli da ba ya gogewa sai an kira masu injin gurza. Ko lemu ne ya zube a kai a share nan da nan.

Daɓen siminti da na yau da kullum, ruwa da ɗan sabulu kaɗan sun isa. Yawan omo shi ke sa ƙasa ta yi danƙo tana kama ƙura. Tsakanin tayil da ya yi baƙi, a dama bekin soda da ruwa ya yi kauri, a shafa, a goge da buroshi.

8. Waɗannan abubuwa suna kashe ƙwayoyin cuta kamar bilic?

Ba sa yi, kuma nan ne ya kamata a tsaya a fahimta. Wanki daban, kashe ƙwayar cuta daban. A ranakun lafiya wanki mai kyau da shanya a rana sun wadatar, domin yawancin ƙwayoyin suna tafiya tare da dattin. Khal da lemun tsami suna rage wasu, amma ba a dogara da su idan akwai marar lafiya a gida. Toka dai an yarda da ita wajen wanke hannu inda babu sabulu, jami'an lafiya ma suna faɗin haka, amma idan akwai sabulu shi ne kan gaba.

Idan wani yana amai da gudawa, musamman da damina lokacin da kwalara ke yawo, to bilic ake nema. Ga ƙasa da banɗaki da fo da ƙofofi, ma'aunin da ake bi shi ne kulorin kashi 0.2 cikin 100. Idan kwalbar ta nuna 3.5, kofi 1 na bilic a kofi 16 na ruwa ke nan. A fara wanke wurin, sannan a bi da ruwan bilic a bar shi kamar minti goma. Shi kansa aman ko bayan gidan yana buƙatar haɗin da ya fi wannan ƙarfi nesa, a tambayi ma'aikatan lafiya, kuma kai marar lafiyan asibiti shi ne farko. Ruwan bilic da aka haɗa na yini ɗaya ne, gobe a haɗa sabo.

9. To in na ƙara lemun tsami ko khal a cikin bilic, ba zai fi ƙarfi ba?

Kada a kuskura. Tsami yana sa bilic ya saki iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, wasu ko taga babu. Haka yake da ruwan wankin masai na kwalba, yawancinsu asid ne. Bilic da ruwa kawai ake haɗa shi. Idan an riga an haɗa aka ji ido na yaji ana tari, a fita nan take, a fitar da yara, a bar ƙofa a buɗe. Wanda numfashinsa ya ƙi daidaita a kai shi asibiti.

10. Tabon manja, jini, tsatsa da goro a tufafi fa?

Manja: kada a fara da ruwa. A kwashe abin da ya kwasu da cokali, a barbaɗa garin sitaci ko bekin soda ya tsotse man, a kakkaɓe, a goga sabulu a wurin a wanke da ruwan ɗumi. Jan da ya rage rana ce ke cinye shi, a shanya rigar da ɗan sabulun a jikinta. Kada a sa dutsen guga sai tabon ya fita.

Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Tsatsa, irin wadda igiyar ƙarfe ko fil ke bari a farar riga, a matsa lemun tsami a barbaɗa gishiri a sa a rana, in ya bushe a maimaita. Bilic ba ya fitar da tsatsa, ƙara kama ta yake yi. Goro yana da taurin kai, a ɗauraye shi da ruwan sanyi tun yana ɗanye, in ya kwana sai haƙuri da wanki a hankali. Shadda da atamfa da duk rinannen kaya, a fara gwada lemun a cikin kalmasa inda ido ba ya gani, domin yana iya tafiya da launi.

11. Yaya zan yi da warin firji bayan an daɗe babu wuta, da warin salga da kwata?

Firji sai an fara fitar da abin da ya lalace, babu gawayin da zai rufe warin ruɓaɓɓen nama. A cire shi daga wuta, a wanke ciki da cokali biyu na bekin soda a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, har da lungun robar ƙofa da ƙaramar ƙofar da ruwa ke bi a baya, can ne jini ke maƙalewa. A bar shi a buɗe ya bushe, sannan a ajiye busasshen gawayi a kwano a ciki, a riƙa sauyawa.

Salga, a ajiye bokitin toka a gefe, duk wanda ya shiga ya watsa gwangwani guda. Tana busar da saman ramin, wari da ƙuda su ragu, a kuma riƙa rufe bakin. Masai na ruwa ba a zuba masa toka, tana kwanciya a bututu ta toshe shi. Wurin wanke-wanke da ya fara riƙe ruwa, yawanci daskararren mai ne, a zuba ruwan kanwa mai zafi irin na amsa ta 3. Mai zafi, ba tafasasshe ba, saboda bututun roba yana laushi. Ragowar man suya kuma a daina juye shi a can.

12. Randa, tulu, ƙwarya, akushi da turmi, ana sa musu sabulu?

Randa da tulu ba a sa musu, yumɓu yana shan sabulu ya riƙa mayar da shi cikin ruwan sha. A juye ragowar ruwan, a cuɗa ciki da sabon soso da aka ware musu, a ɗauraye, a kife a rana. Turara randa da kajiji ƙamshi yake ba ruwa, ba ya maye gurbin wanki. Moɗar da kowa ke tsomawa ta fi randar kanta buƙatar wanki kullum.

Ƙwaryar fura da akushi da turmi da katakon yanka, a wanke su da zarar an gama, kada a jiƙa su su kwana don suna tsagewa. Idan sun riƙe ƙarni ko warin daddawa, a goga gishiri da ɓarin lemun tsami, a ɗauraye, a shanya. Katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai sai sabulu da ruwan zafi, lemu kaɗai bai isa ba, dalilin yana amsa ta 8.

13. Tasoshin jere da kayan ado da suka dusashe fa?

Tasa da farantan tagulla irin na Bida, ɓarin lemun tsami da gishiri ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna dawo da su kamar sababbi. A ɗauraye a goge su bushe nan take, in an bar tsamin a jiki sai su yi kore. Azurfa, a shimfiɗa takardar alminiyam a kwano, a ɗora ta a kai, a zuba ruwan zafi da cokali guda na bekin soda, baƙin zai koma jikin takardar. Sarƙa da awarwaro masu ruwan gwal ba sa jure kankara, ruwan ɗumi da ɗigon sabulu da ƙyalle mai laushi kawai.

14. Akwai abin da ke korar kyankyaso da tururuwa da ɓera ba tare da maganin feshi ba?

A nan kayan kicin ba su da ƙarfin da ake ba su. Goge hanyar tururuwa da khal yana ɓatar musu da sawu na ɗan lokaci. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin tufafi ko buhun hatsi yana rage ƙwari. Amma kyankyaso da ɓera abinci da ruwa da maɓoya ne ke riƙe su, sai an daina kwana da kwanuka ba wanki, an rufe hatsi a mazubi mai murfi, an toshe ramuka da siminti.

Kashin ɓera da fitsarinsa ba a share su a bushe, saboda ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutane. A jiƙa wurin da ruwan bilic da ya fi na amsa ta 8 ƙarfi, mai kulorin kashi 0.5 cikin 100 (kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa idan kwalbar ta nuna 3.5), a sa safar hannu ko leda a kwashe. Ƙurar hunturu ma da ɗanyen tsumma ake ɗaukar ta, a yayyafa ruwa kafin shara, in ba haka ba tashi take yi ta sake sauka.

15. Zan iya haɗa da yawa in ajiye?

Busassu suna daɗewa: tankaɗaɗɗiyar toka a bokiti mai murfi, kanwa da bekin soda a inda danshi ba ya kai. Khal ma ba ya lalacewa. Ruwan lemun tsami da na tsamiya kuwa a haɗa na ranar kawai, suna yin fumfuna. Ruwan kanwa da ruwan toka kada a zuba su a gorar lemu ko ta ruwan sha, yaro ba zai bambance ba, kuma mai ƙarfinsu yana ƙona baki da ido. A rubuta suna a jikin mazubin, a ɗora a sama tare da bilic da kananzir. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti goma sha biyar, sannan a je a duba idon.